Zanen Dutse ko Ɗanyen Icce: Ƙwaƙwalwar Kangararren Yaro da Tambayar Alhaki

Magabata sun bar wa Hausawa karin magana biyu da ba su taɓa jituwa ba. Ɗaya na cewa hali zanen dutse ne, ba mai kankare shi. Ɗayar kuma na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uwar da ɗanta ya gagare ta takan jawo ta farko don ta sami sanyin rai, maƙwabciyar da yaron ya fasa wa ɗa kai kuwa sai ta jawo ta biyu don ta ɗora wa uwar laifi. Duk malamin da ya daɗe da alli a hannu ya san irin yaron da ake wannan jayayya a kansa: bulala ba ta razana shi, lallashi ba ya ratsa shi, in ya cuci ɗan'uwansa ya ga hawaye sai ya tsaya yana kallo kamar mai kallon ruwan sama. Shekaru kusan ashirin ke nan masana a Turai da Amurka suna saka irin waɗannan yara cikin na'urar IRM suna auna ƙwaƙwalwarsu, kuma sun sami bambanci. Daga nan tambaya ta taso, wadda ta fi ƙarfin likita shi kaɗai: in ginin kan yaro ya bambanta da na tsaransa, alhakin ɓarnarsa a wuyan wa yake?

Kafin a kai ga amsa, ya kamata a san wa ake nufi. Abin da likitocin ƙwaƙwalwa ke kira ciwon kangara ya wuce ƙiriniya da rashin ji na yarinta. Littafin da likitocin Amurka ke aiki da shi, a bugunsa na 2013, ya jera alamomi 15, irin su cin zalin mutane da dabbobi, ƙwace, cinna wuta da gangan, fasa gida, ƙarya don cuta, gudu daga gida. Sai yaro ya nuna aƙalla uku cikin wata 12 kafin a ce yana da shi. Kimanin yara 2 zuwa 3 cikin 100 ne ke shiga wannan sahu, maza sun fi mata yawa. Kuma ba taron tsintsiya ɗaya ba ne. Akasarinsu masu zafin zuciya ne: suna ganin barazana inda babu ita, su kai duka, daga baya su yi nadama. Ƙalilan ne masu ƙeƙasasshiyar zuciya, waɗanda ba su jin tausayi, ba su jin nauyin laifi, ba su damu da faɗuwarsu ko ta wani ba. Waɗannan ne ake tsoron kada su girma su zama abin da ake kira sikopat, mutumin da Hervey Cleckley ya siffanta a 1941: mai daɗin baki, mai cikakken wayo, wanda babu komai a bayan murmushinsa. Tun 1801 Philippe Pinel ya lura da irinsu a Paris, ya ce hauka ne da ba ya taɓa hankali. Amma tun binciken Lee Robins na 1966 aka san cewa galibin kangararrun yara ba su zama irin wannan babban ba.

A can cikin ƙwaƙwalwa, ta kowane gefe, akwai wani ɗan curi da bai fi ƙwarar gujiya girma sosai ba, ana ce masa amigdala. Cikin ayyukansa har da gane tsoro, na mai shi da na wanda ke gabansa. James Blair, wanda ya daɗe yana wannan bincike, ya bayyana yadda abin ke aiki a yaro mai lafiya: ya ƙwace wa ƙanensa abin wasa, ƙanen ya ɓare baki, fuskar nan mai kuka ta soki mai ƙwacen a ciki, ya ji ba daɗi. Sau goma, sau ɗari, har zuciyarsa ta ɗaure cuta da wannan rashin daɗi, ta yadda tun kafin ya miƙa hannu wani abu ya riƙe shi. Ba wanda ya zaunar da shi ya karanta masa wannan darasi. Fuskar ɗan'uwansa ce malaminsa. To, a 2008 Abigail Marsh da abokan aikinta sun nuna wa matasa masu ƙeƙasasshiyar zuciya hotunan fuskoki masu firgita suna cikin na'ura, sai aka ga amigdalarsu ba ta motsa kamar ta sauran ba. Malamin nan na farko yana magana, su kuwa kamar kurame ne a ajinsa.

Wannan ya shafi aikin ƙwaƙwalwa. Game da gininta kuwa, bincike mafi girma ya fito a 2024, lokacin da ƙungiyar masana mai suna ENIGMA ta tattara hotunan yara da matasa 1185 masu ciwon kangara da 1253 marasa shi, ƴan shekara 7 zuwa 21, daga rukunan bincike 15. An tarar faɗin ɓawon ƙwaƙwalwa, wato shimfiɗar nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke lulluɓe da ita, ya gaza a wurare 26 cikin 34 da aka auna, kuma amigdala da wasu curarraki na ciki sun ɗan fi ƙanƙanta. A New Zealand ma, inda ake bin sawun yara 1037 da aka haifa a garin Dunedin a 1972 da 1973, an ɗauki hoton kawunansu suna da shekara 45. Waɗanda suka soma ɓarna tun ƙuruciya ba su daina ba, ɓawonsu ya fi ƙanƙanta. Waɗanda suka yi tashen balaga kawai suka shiryu, kusan ba a bambanta su da kowa ba.

Mai karatun da ya tsaya nan zai ce zanen dutse ya ci gardama. Sai dai kalmar "bambanci" a bakin mai lissafi ba ta da nauyin da take da shi a bakin ɗan kasuwa. Masu binciken na 2024 da kansu sun ce bambancin ƙarami ne, kuma na matsakaicin taro ne. In aka auna tsawon ɗaliban lise biyu aka ga na wannan sun ɗara na waccan da rabin yatsa a matsakaici, ba wanda zai dubi ɗalibi guda a hanya ya faɗi lisensa daga tsawonsa. Haka nan babu likitan da zai riƙe hoton kan yaro ɗaya ya ce wannan kangararre ne, balle ya ce zai yi kisa. Akwai labarin James Fallon, masanin ƙwaƙwalwa a Kaliforniya, wanda a 2005 ya ci karo da wani hoto mai kama da na masu kisan da yake nazari, da ya bincika sai ya ga nasa ne. A lokacin mutumin yana da mata da ƴaƴa da kujerar farfesa, bai taɓa shiga kaso ba. Shi ya danganta tsirarsa ga ƙaunar da ya samu yana yaro. Shaidar mutum a kan kansa ba hujja ba ce, amma ta isa ta sa mai gaggawa ya ja linzami. Cesare Lombroso bai ja ba: a 1876 ya auna ƙoƙon kai da muƙamuƙin ƴan kaso a Italiya ya ce ya gano wanda aka haifa ɓarawo, aka shafe shekaru ana raina talakawa da baƙaƙen fata da sunan kimiyyarsa kafin a gane ba ta da tushe.

Akwai kuma tambayar wane ne ya rigayi wani. Ƙwaƙwalwa ba dutse ba ce. Abin da ya ratsa ta yana barin sawu a jikinta. Gado yana da hannu, ba shakka: binciken Essi Viding na 2005 a kan dubban tagwaye ƴan shekara 7 a Ingila, wanda malaman makarantarsu ne suka ba da shaidar halinsu, ya nuna ƙeƙashewar zuciya na bin jini sosai, ɓarnar masu zafin zuciya kuwa ta fi bin gida da unguwa. Amma darma ma tana cin goshin ƙwaƙwalwa: a birnin Cincinnati an nuna a 2008 cewa waɗanda suka sha ta suna jarirai sun girma da raguwar wannan sashe, kuma an fi kama su da laifi. Wanda ya tuna ƙauyukan Zamfara na 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai darma ta kashe yara sama da 400 ta bar dubbai da guba a jini, ya san wannan ba labarin nesa ba ne. A tsibirin Moris an ga yaran da tamowa ta kama suna da shekara 3 sun fi tsaransu faɗa da rashin natsuwa a shekara 8 da 11 da 17. Jariran da suka ratsa yunwar 2005 a jihar Maraɗi yau samari ne. Faɗin haka ba zargi ba ne a kansu, don mafi yawansu mutanen kirki ne. Abin da ake nufi shi ne, hoton da aka ɗauka yana iya zama hoton gado, yana iya zama hoton rumbun da ya ƙare tun kafin damina, ko na dukan da aka yi wa yaro yana goye. Na'urar ba ta rarrabe su.

To, a ɗauka an tabbatar, yaro kaza an haife shi da raunin wannan gaɓa. Ya kuɓuta daga zargi ke nan? Hujjar da ke cewa "ƙwaƙwalwarsa ce ta sa shi" tana da wani rami a tsakiyarta. Duk abin da ɗan Adam ya aikata, ƙwaƙwalwarsa ce ta sa shi: mai sadaka da mai sata, mai haƙuri da mai faɗa. In samun sanadi a cikin kai yana wanke laifi, to ba sauran mai laifi a duniya, ba kuma sauran wanda ya cancanci yabo. Shi ya sa shari'a, ta musulunci da ta nasara, ba ta tambayar ko aikin yana da sanadi. Tana tambayar ko mai aikin ya san abin da yake yi, kuma yana iya bari. Malaman fiƙihu sun rataya ɗaukar nauyi a kan hankali da balaga. Dokar laifuka ta Nijar ta ce yaron da bai kai shekara 13 ba ba a kama shi da laifi, daga 13 zuwa 18 kuwa sai alƙali ya duba ko ya aikata da rarrabewa. A bisa wannan ma'auni, saurayi mai ƙeƙasasshiyar zuciya ba shi da mafaka. Ya san sata haramun ce, ya san ana kamawa, shi ya sa yake jiran dare, kuma in ɗan sanda na tsaye a bakin titi hannunsa na zama cikin aljihu.

Amma nan ne gizo ke saƙar. Sani iri biyu ne. Akwai sanin doka kamar yadda baƙo ke sanin cewa a garin nan ba a shiga fada da takalmi, akwai kuma sanin da ke sa jikin mutum ya yi sanyi in ya ga tsohuwa ta faɗi. Lokacin da Anthony Kirk-Greene ya tattara siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe a 1974, cikin abin da ya lissafa har da kunya da amana da karamci, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ake samu ta hanyar hadda. Yawancin mutane ba tsoron alƙali ke hana su cutar maraya ba; ba su iyawa ne kawai, zuciyarsu ba ta ɗauka. Wannan rashin iyawa kyauta ce da ba su yi wahalar samu ba. Wanda aka hana shi ita yana tafiya a kan hanyar da kowa ke bi, amma shi babu birki a motarsa sai na hannu, wanda sai ya tuna ya ja. Ana iya cewa ya wajaba ya ja, kuma gaskiya ne. Sai dai mai birki biyu da ke zaginsa daga gefen hanya ya kamata ya rage murya, domin bai taɓa gwada tuƙi irin nasa ba.

Abin da ya fi kusa da adalci shi ne a ce alhaki hawa-hawa ne, kuma a raba abubuwa biyu da aka saba haɗawa: tsayar da mai ɓarna, da huce haushi a kansa. Na farko wajibi ne ko da yaron ba shi da laifi ko ƙwayar zarra, domin yarinyar da ya ƙona wa hannu ba ruwanta da girman amigdalarsa, kuma duk falsafar da ta manta da ita ta zama abin kunya. Na biyu kuwa yana bukatar a tabbata cewa wanda ake hucewa a kansa ya sami abin da sauran suka samu ya watsar. Wannan tabbaci shi ne binciken ƙwaƙwalwa ya raunana. Bai kai ga rushe shi ba.

Hujjar ƙwaƙwalwa kuma wuƙa ce mai baki biyu. A 2012 an ba alƙalan Amurka 181 labarin ƙirƙira na wani sikopat da ya ji wa mutum mummunan rauni. Waɗanda aka haɗa musu da bayanin likita a kan ƙwaƙwalwarsa sun rage hukuncin da kimanin shekara guda. Amma bayanin da ke cewa "ba laifinsa ba ne" shi ne kuma ke cewa "ba zai canja ba", wanda ba zai canja ba kuwa, me zai sa a buɗe masa ƙofa? Tausayin da ya mai da mutum inji mai lalacewa ya fi fushi haɗari gare shi, don mai fushi da kai har yanzu yana ɗaukar ka mutum, yana jiran ka ba da haƙuri.

Faransa ta ɗanɗana wannan rikici a fili. A watan Satumba na 2005 cibiyar binciken lafiya ta ƙasar, INSERM, ta fitar da rahoto a kan ciwon kangara, ta ba da shawarar a soma neman alamominsa tun yaro na da wata 36. A daidai lokacin ma'aikatar cikin gida, ƙarƙashin Nicolas Sarkozy, tana shirya dokar rigakafin laifuka, aka so a cusa shawarar a ciki. Likitocin yara da malamai da iyaye suka tashi, takardar kokensu ta tara sa hannu kusan 200 000 a 2006, aka cire wannan sashe kafin a zartar da dokar a 2007. Sun yi daidai da suka ƙi a mai da ɗakin awon jarirai reshen komisariya. Yaron da aka laƙaba wa suna tun yana shekara 3 zai ji shi a bakin malami, ya gan shi a idon uwa, har ya sa shi kamar riga. Duk da haka akwai abin da masu koken ba su so su kalla ba: taimakon da ya fi amfani shi ne wanda ya zo da wuri, kuma ba a taimakon wanda aka ƙi gani. Ganin iri ɗaya ne. Bambancin yana ga hannun da ke riƙe da littafin, da abin da zai biyo bayan rubuta sunan.

Wanda zai ɗauko waɗannan ma'aunai ya kawo su ƙasar Hausa sai ya yi hattara ninki biyu. Takardun tambayoyin da ake gane ƙeƙashewar zuciya da su suna tambaya ko yaro na nuna abin da ke ransa. A gidan da aka hore shi kada ya ɗaga ido gaban babba, kada ya yi kuka ko da wanzami na kansa, shirunsa tarbiyya ce, baƙon likita kuwa yana iya rubuta ta a matsayin ciwo. Haka samarin ƙungiyoyin "pale" na Damagaram, waɗanda Aisha Maki ta shiga unguwar Kara-Kara ta yi fim a kansu a 2021: kafin a nemi bayaninsu a cikin ƙoƙon kai, akwai zaman banza da wariya da rashin takardar haihuwa, kuma amanar da suke riƙe wa junansu ita kanta shaida ce cewa zuciyar ba ta mutu ba.

Abin da ya fi shafar malami kai tsaye shi ne maganar horo. Yaron da gaɓar tsoronsa ke da rauni ba ya koyo daga azaba kamar sauran. Ƙara masa bulala kamar ɗaga murya ne ga wanda ba ya jin harshenka. Lada kuwa yana jin ta sarai. A kan wannan aka gina cibiyar Mendota da aka buɗe a jihar Wisconsin a 1995, wadda ke karɓar samarin da sauran gidajen horo suka kasa. Kowace rana ana auna halin yaro, abin da ya yi yau shi ke saya masa ɗan gata gobe, in ya faɗi kuma jibi yana iya tashi. Ma'aikata ba su rama tsokana. Binciken Michael Caldwell ya nuna waɗanda suka bi ta can sun koma ga laifin zubar da jini da kusan rabin yawan takwarorinsu. A Ostareliya, Mark Dadds ya gano a 2006 cewa in aka ce wa irin yaran nan su dubi idon mutumin da ke hoto, sukan gane tsoron da suka kasa ganewa da farko. A Amurka kuma, cikin yara 561 da aka ba riƙo tun suna jarirai, an ga a 2016 cewa halin uwar da ta haifa yana bin yaro har gidan riƙo, amma in uwar riƙon mai yawan yabo ce a kan ɗan abin kirkin da ya yi, gadon kan dushe. Imamu Gazali ya riga su da ƙarni tara: ya kafa hujja da cewa da hali ba ya canjawa, da wa'azi da tarbiyya sun zama aikin banza, ya kuma yarda cewa wasu ɗabi'u sun fi wasu saurin lanƙwasuwa.

Rabi dai rabi ne. Wasu daga cikin samarin Mendota sun fita sun sake cutar da mutane, bayan duk haƙurin da aka zuba musu, kuma cibiyar tana da ma'aikata da kuɗin da ba a mafarkinsu a kolejin da malami ɗaya ke fuskantar ɗalibai tamanin. Shi wannan malami ba shi da na'ura, ba shi da likitan da zai tura wa yaron. Abin da ke hannunsa kaɗan ne: ya bambanta mai zafin zuciya da mai sanyinta, don maganinsu ba ɗaya ba ne, ya daina kiran yaro da sunan laifinsa gaban aji, ya kama shi yana aikata daidai, ko sau ɗaya a mako, ya faɗa da ƙarfi. A sa'a guda kuma dole ya ɗauke ƙaramin ɗalibin da ke zaune kusa da shi ya canja masa benci, ya kira iyaye, in abin ya kai ga jini ya kai maganar gaban darekta, ko da ya san korar da za ta biyo baya tasha za ta kai yaron.